Kum, Ɗigo, Fa

Duk wanda ya san sabulun Anti Kumfa ya san adireshin shafinta na intanet: kum, ɗigo, fa. Dabarar injiniyan da ya gina mata shafin ce. Ita wannan "fa" ta ƙarshe mallakar wata ƙasa ce mai nisa, kuma dokarsu ta ce sai mazaunin ƙasar ake yi wa rajista. To, wace doka ce ba ta da kafa? Ƙaninta, autansu, yana aiki a can, sai aka sa sunansa da adireshin ɗakinsa, aka ce magana ta ƙare.

Ashe da saura. Tana cikin yanka sabulu injiniya ya shigo shago, fuska ba annuri. Masu rajista sun ce a aika hoton takardar izinin zaman Auta kafin mako ya fita, in ba haka ba su ƙwace sunan su sa shi a kasuwa.

Ta dubi kwalayen da suka kusa taɓa rufi, kowanne da kum.fa a goshinsa. Masu oda ba su san ƙofar shagon nan ba, sunan kawai suka sani. Da shi ake ɗora tukunya, da shi ake sayen maganin Inna. Hankalinta ya tashi.

"Ba wata hanya?"

"Akwai masu ba da hayar adireshi, Anti, amma sai mai sunan ya miƙa musu da kansa. Duk ta inda aka ɓullo, Auta ne."

Shi kuwa Auta sai kwana-kwana. Yau yana wurin aiki, gobe waya ba caji. Ranar ƙarshe, hadari ya haɗu, ta sake kiransa ta data a lambar nan tasa ta waje. Da ya ɗauka, ta ajiye girman yaya a gefe.

"Don girman Allah, Auta, hoto ɗaya. Ni na goye ka. Kada ka kashe mini kasuwa."

Sai tsawa ta buga a saman shagon, ta kuma ji ta cikin wayar, ita ɗin dai, a lokaci guda. Ruwa ya kece a kan kwanonta, ya kece a kan wani kwano a kunnenta.

"Auta. Kana ina?"

"Bayan tasha, Yaya." Muryarsa ta karye. "Tun bara suka koro ni. Takardar ta mutu. Na kasa haɗa ido da Inna."

Ta zauna daɓas a kan kwali. Zagi ya zo mata har baki, ta haɗiye shi da ƙyar.

"Ka ci abinci?"

"A'a."

"Tsaya inda kake."

Ta zaro lema daga bayan ƙofa. Injiniya ya biyo ta da kwamfuta a hannu.

"Anti, sunan fa?"

"Fa ɗin ta tafi," in ji ta. "Ja mini shagon."