Nonon Ɗaso

Ɗaso ta bar kaskon ƙosai a kan wuta ta fito titi da takalmi wari da wari, hannu ɗaya yana riƙe da abayarta, ɗayan yana tare motoci. Rana ta take a unguwar Hindawiyya ta Makka. Tasi uku suka wuce ta kamar ba mutum ba ce. Ta huɗun ta maƙwabcinta Mukhtaru ce.

"Unguwar Shisha," ta ce, tun kafin ta rufe ƙofa.

"Khala," ya ce, yadda ake kiran dattijuwa a garin, "lafiya? Kin kashe wutar kuwa?"

"Ta cinye gidan. Ja mu tafi."

Mukhtaru ya kira matarsa ya ce ta leƙa ta sauke kaskon, sannan ya ja mota.

'Yarta Ikhlas ce ta tayar da ita. Ikhlas ƙunshi take yi wa amare, yau kuma an kira ta wani gida a Shisha. Tana tsakiyar aiki ta bugo waya, murya cike da murna: "Inna, kin san gidan da nake? Gidan Hajiya Fatsuma, inda kika yi aiki da. Ɗanta Sami ne angon, wanda ke Ostiraliya. Amaryar kuma Lujain, 'yar ƙanin babansa. Bayan la'asar ma'azun, mai ɗaura aure, zai zo ya ɗaura."

Abin da Ɗaso ta ji ke nan ludayi ya faɗi daga hannunta.

Shekara talatin da takwas da suka wuce ta zo aikin hajji da mijinta, suka ƙi komawa. Mijin ya rasu, yana kwance a ƙasar nan. Ita kuwa har yau ba ta da iƙama, ba ta da wata takarda mai ɗauke da sunanta. Gidan Alhaji Yunus ta fara aiki. Su ma Hausawa ne, kakanninsu a ƙafa suka zo, amma an haife su a nan, suna da jinsiyyar ƙasa, kuma Hausa sai a kicin ake yin ta. Da matarsa Fatsuma ta haifi Sami, ruwan nono ya ƙi zuwa, yaro kuma ya ƙi madarar gwangwani, ya yi ta kuka har ya shiɗe. A lokacin Ɗaso na goyon ɗanta Nasrullahi. Fatsuma ta kulle ɗaki, ta miƙa mata jaririn, ta ce ta rantse ba wanda zai ji, musamman dangin miji. Ta rantse. Wata bakwai Sami yana sha a dama, Nasrullahi a hagu.

Ladanta? Ranar da Sami, yana ɗan shekara huɗu, ya rugo gaban baƙi Larabawa ya rungume ƙafarta yana cewa "Inna, Inna," a ranar Fatsuma ta haɗa mata kayanta a leda.

Bayan shekara biyu, Ɗaso tana goyon Ikhlas, sai ga Maha, facalar Fatsuma, matar ƙanin Alhaji Yunus, a ƙofar ɗakinta na Hindawiyya, fuska a rufe, da jaririya a hannu. An yi mata aiki wajen haihuwa, nono ya ƙafe. Ita ma rantsuwar ta nema: kada kowa ya ji, musamman Fatsuma, don har abada za ta riƙa yi mata gori. Wata huɗu Maha tana zuwa kullum da hantsi, tana zama a kan tabarma tana toshe hanci, Lujain tana sha.

Mata biyu, kowacce tana ɓoye wa 'yar'uwarta abu ɗaya. Ɗaso ta riƙe musu, ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba. Wa zai ce mata yaran nan za su girma su ce suna son juna?

"Khala, sunkuya kaɗan," in ji Mukhtaru. "Ga masu duba takardu can."

Motar 'yan sanda na tsaye a bakin hanyar da aka huda ta cikin dutse. Shekara talatin da takwas Ɗaso tana sunkuyawa. Yau ta miƙe wuya tana kallonsu.

"Khala, don Allah!"

"Su kama ni. Amma su bari sai bayan la'asar."

Ba su tsayar da su ba. Mukhtaru ya share zufa. "Wai me aka yi miki a Shisha?"

"Ba ni aka yi wa ba yau. Na dā ne nawa."

Na dā ɗin shi ne na Nasrullahi. Shekara tara ke nan da aka kama shi yana tura keken tsofaffi a Harami, aka kai shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Yaron da aka haifa a Makka, bai taɓa ganin Kano ba. Ɗaso ta hau benen nan na Shisha, ta durƙusa, ta ce a sa baki, ɗan'uwan Sami ne. Fatsuma ta buɗe ƙofa iya sarƙa, ta ce da Larabci, "Ba mu san ki ba." Yanzu Nasrullahi na Kano yana tura baro a kasuwa, yara suna yi masa dariyar Hausarsa.

Agogon mota ya nuna uku saura kwata lokacin da suka tsaya. Ba ta jira lif ba. Hawa uku ta yi da gwiwoyinta masu ciwo, tana tsayawa tana haki, ƙamshin turaren wuta yana ƙaruwa. Ƙofar ɓangaren mata a buɗe take.

Falon cike yake da tiren dabino da ƙananan kofunan gahawa. A tsakiya Lujain na zaune, gashi a sake, hannun dama ya sha zane har gwiwar hannu, na hagu yana hannun Ikhlas. Maha na gefenta. Fatsuma na tsaye cikin doguwar riga mai ruwan zinariya tana ba da umarni, sai ta juyo.

"Inna?" in ji Ikhlas. "Me ya faru?"

Fatsuma ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Ya Ikhlas, uwarki ce? A zuba mata abinci a kicin."

"Ban zo cin abincinki ba, Fatsuma."

Mata suka kalli juna. Ba wanda ke kiran sunan nan ba Hajiya a gabansa.

"Aib, ya hurma, abin kunya ne wannan. Yau ranar farin ciki ce. In wani abu kike so, ki dawo jibi."

"Jibi an gama ɓarna. Kira min Sami."

"Sami? Ke wace ce da za ki kira Sami?"

"Kin fi kowa sani. Ki kira shi, ko in shiga wajen maza in kira shi da kaina."

"Zan kira miki 'yan sanda dai. Kin manta abin da kike a ƙasar nan?"

"Kira su. Ga waya can. Su zo da ma'azun ɗin tare, in faɗa sau ɗaya in huta."

Hayaniyar ce ta jawo shi. Aka yi gyaran murya a ƙofa, mata suka ja mayafai, Lujain ta fizgi gyale da bayan hannu ta yafa a ka. Sami ya shigo, dogo, cikin farar tobe, doguwar rigar Larabawa, da alama bai saba da ita ba, don sai jan wuyanta yake. Shekara goma sha huɗu yana Melbon ta Ostiraliya, yana aikin motar ɗaukar marasa lafiya, har ya karɓi fasfo ɗinsu. Shekara biyu shi da Lujain suna magana ta waya. Ya kama musu gida a can, ya gama mata takardu, tikiti biyu na cikin jakarsa.

"Esh fi, ya ummi?" ya tambayi Fatsuma da Larabci, wato me ke faruwa.

"Ba komai, tsohuwar mai aiki ce, kanta ba daidai ba."

Ɗaso ta tako har gabansa. Kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Kana jin Hausa, ko ta zube a jirgi?"

"Ina ji. Kaɗan kaɗan."

"To ji da kyau. Sunana Ɗaso. Ka sha nonona wata bakwai. Yarinyar can ta sha nonona wata huɗu. Ƙanwarka ce. Babu aure tsakaninku, ko a nan, ko a Ostiraliyar taku."

Wata tsohuwa a kusurwa ta yi salati. Fatsuma ta kwashe da dariya, dariya ta gaske, har da dafa ƙirji.

"Kun ji ƙaryar? Lujain! Yaushe Lujain ta taɓa ganinki? Maha da kanta ta shayar da 'yarta, kowa ya sani. Ai ita ce mai yi mini gorin gwangwani. Maha, gaya mata."

Maha ta ɗago kai. Idonta na kan Fatsuma.

"Maha?"

"Ke ma?" in ji Maha, murya can ƙasa. "Kika ce madarar kanti kika ba shi."

Dariyar ta mutu a bakin Fatsuma. Facalolin suka tsaya suna kallon juna, shekara kusan talatin na gori da nuna isa a tsakaninsu, ashe ƙofar mace ɗaya suka bi.

Sami bai ɗaga murya ba. Aikinsa ya koya masa tambayar mutane a tsakiyar tashin hankali, tambaya ɗaya, a jira amsa. Ya durƙusa gaban Maha.

"Ya amma," ya ce, wato gwaggo, "Lujain ta sha?"

Maha ta gyaɗa kai, hawaye na bin kwalli.

"Sau nawa? Ya kai biyar ɗin da malaman nan ke cewa yana hana aure?"

"Kullum ne. Wata huɗu."

Ya miƙe ya juya ga uwarsa. "Ni fa?"

"Sau ɗaya ne ko biyu, habibi, kana jariri, ba ya..."

"Fatsuma," in ji Ɗaso, "ga Alƙur'ani can a kan kanta. A sauko da shi, ni da ke."

Ba wanda ya motsa. Fatsuma ta kalli kantar, ta kalli ɗanta, ta zauna a hannun kujera.

"Da ka mutu," ta ce. "Ka ƙi komai. Da ka mutu."

"Na gode da ban mutu ba. Wata bakwai?"

"Wata bakwai."

Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar. A ɓangaren maza ana jin muryar Alhaji Yunus yana yi wa wani maraba, ana ta dariya, ba su san komai ba.

Shekara tara Ɗaso tana tsara abin da za ta faɗa wa matar nan ranar da Allah ya ba ta sa'a. Tana soya ƙosai tana maimaitawa: ƙofar da aka buɗe iya sarƙa, ledar kayanta, Nasrullahi da baronsa. Ga Fatsuma a zaune, ga dangi, ga kunnuwa a buɗe. Ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan Lujain.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Tana zaune da hannuwa a sama don kada lalle ya ɓaci, kamar har yanzu yana da amfani. Gyalen da ta yafa ya fara zamewa. Ta ji shi yana tafiya, ta ɗago ta kalli Sami, ta bar shi ya faɗi a kafaɗarta. Ba wadda ta ce ta rufe kanta. Babu sauran dalili.

Sami ya kawar da fuska, ya dafa bango.

Ɗaso ta rufe bakinta. Ta tuna nauyin yarinyar nan a cinyarta, yadda take riƙe mata ɗan yatsa tana sha. Ta haɗiye tsararren zancenta duka.

"Ikhlas, kwashe kayanki."

"Inna, hannu ɗaya ban gama ba."

Maganar wauta ce, Ikhlas ma ta sani, ta sunkuyar da kai. Amma Lujain ta miƙa mata hannun hagun.

"Ki gama," ta ce, da Hausar da ba a taɓa jin ta yi a falo ba. "Ai ke ma 'yar'uwata ce, ko?"

Ɗaso ta fita ita kaɗai. Saukar ta fi hawan wuya. Tana hawa na biyu ta ji takun ƙafa a bayanta, ta ɗauka Alhaji Yunus ne da 'yan sandansa, ta gyara tsayuwa ta juyo da shirin faɗa.

Sami ne, ba hula, idanu jajur. Ya tsaya matakala biyu a ƙasanta, har kansu ya zo daidai.

"Ban san me zan yi ba yanzu," ya ce. "Gida, takardu, komai na can da sunanta."

"Ni ma ban sani ba. Ban zo don in ji daɗi ba." Ta kawar da kai. "Ƙarya nake. Don in ji daɗi na zo. Ban ji ba."

Ya kama kanta da hannu biyu ya sumbaci goshinta, yadda 'ya'yan garin nan ke yi wa iyayensu.

"Inna," ya ce.

"A kan kalmar nan aka kore ni daga gidan nan."

"Na tuna wani yaro. Muna cin abu a kwano ɗaya, yana ture min hannu."

"Nasrullahi. Kai ne mai ture shi."

"Yana ina?"

"Inda uwarka ta bari aka kai shi."

Sami ya ciro wayarsa daga aljihun tobe, ya miƙa mata. Ɗaso ta kalli wayar, ta kalle shi. Ba ta iya karatu ba, amma lambar Nasrullahi ta haddace ta kamar Fatiha. Ta zauna a kan matakala, ta cire takalmin da ke matse ta.

"Kai ka danna," ta ce. "Ni zan faɗa maka."