Mai Asusun Ba Ya Nan

Minti arba'in da biyu Glenda Thackray ta yi da waya a kunne tana sauraron kiɗan jira na kamfanin wuta da gas, har shayinta ya huce, kafin wata murya ta ɗauka.

"Barka da safiya, sunana Kieran. Ina sauraro."

"Gara kai ma ka saurara, ni na yi nawa," in ji Glenda. "Wasiƙa kuka aiko. Wai daga ran Litinin, kuɗin da kuke cira a bankinmu duk wata ya tashi daga fam ɗari da hamsin zuwa ɗari uku da ashirin. Gidan burodi kuka ji na buɗe?"

Saurayin ya nemi lambar asusu, ta karanta masa. Ya yi 'yan danne-danne.

"Asusun nan da sunan Mista Norman Thackray yake. Da shi kaɗai doka ta yarda in yi magana. Yana kusa?"

"Matarsa ce ni. Shekara arba'in da huɗu."

"Na yarda, Misis Thackray. Amma sai na ji daga bakinsa. Yana kusa?"

"Ba ya nan."

"Yaushe zai dawo?"

Glenda ta kashe wayar. Minti arba'in da biyu suka tafi a banza.

Norman dai wata bakwai ke nan da rasuwa. An gaya wa ofishin fansho, an gaya wa banki, an gaya wa likita; 'yarsu ce ta yi wannan zirga-zirgar kafin ta koma wurin aikinta a Kanada. Kamfanin wuta ne kawai Glenda ta ce a bar mata. Ba ta yi ba, kuma ba mantuwa ba ce. A duk faɗin duniya wasiƙarsu ce kaɗai ta rage da ke shigowa ta ramin wasiƙa na jikin ƙofa da sunan Norman a kai. Takan ɗauka ta ajiye a hannun kujerarsa kamar yadda ta saba, sai ta wuni a can sannan ta buɗe. Ta san shirme ne, amma ai shirmenta ne, ba ta aro a wurin kowa ba.

Sai ga shi shirmen ya zo da tsada. Yau Alhamis. Litinin kamfani zai ja kuɗinsa, Talata kuɗin haya zai fita, kuma abin da ke cikin asusun ba zai ɗauki biyun ba. A rayuwarta haya ba ta taɓa wuce ranarta ba. Ga sanyin Nuwamba na garin Hull a Ingila ya shigo da ƙarfinsa, ita kuwa tun watan jiya take zama a falo da kwat da safa biyu don kada ta kunna gas ɗin ɗumin gida.

Ta leƙa ta taga, ta hango Desmond Oldroyd, maƙwabcinta da ake kira Des, yana jawo kwandon shara. Tsohon direban bas ne, wanda ya shafe shekara talatin suna rigima da Norman a kan tsawon shingen da ke tsakaninsu, kuma shi ya fi kowa kuka a wurin jana'iza. Ta ƙwanƙwasa gilashi ta yafito shi.

"Kai! Glenda, gidan nan ko firji?" in ji Des da ya shigo. "Kifi kike adanawa?"

"Zauna. Aiki zan ba ka."

Ta yi masa bayani. Des ya saki baki.

"In zama Norman? Ni? Haba, baiwar Allah! Ki gaya musu gaskiya mana."

"Ba shawara na kira ka ba."

"Wannan fa laifi ne. In aka kama ni, ke za ki riƙa kawo min abinci gidan yari?"

"Shekara nawa kana cewa da kai ne Norman da ka datse shingen nan? To ga dama ta samu. Minti biyar kawai. Ka ce ba ka yarda da ƙarin ba, shi ke nan."

Ya dube ta, ya dubi kwat ɗin da ke jikinta, ya ja kujera. Bai zauna a ta Norman ba, ita ma ba ta ce ya zauna ba. Ta juya ambulan ɗin wasiƙar ta rubuta masa ranar haihuwar mijinta da manyan baƙaƙe. Suka sake wani jiran na rabin sa'a, Des yana ta gwada muryoyi.

"Norman ba ya magana ta hanci," in ji Glenda.

"Yo su sun san shi ne?"

Wannan karon mace ce ta ɗauka, ta ce sunanta Shona. Glenda ta saki muryar wayar ta ajiye a tebur. Des ya gyara murya ya faɗi suna da ranar haihuwa tiryan-tiryan, har da ƙarin cewa shi mutum ne da ba ya son raini. Glenda ta taka masa ƙafa.

"Na gane, Mista Thackray," in ji Shona. "Ƙiyasi aka yi a kan abin da kuka sha bara, don tun watan Afrilu ba a turo mana lambar mita ba. Da can ba ka taɓa fashi ba, duk ɗaya ga wata. In za ka karanto min yanzu, sai mu gani."

Des ya ɗaga gira yana kallon Glenda. Ta ɗauki tocila ta nufi ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala, inda mitocin suke.

Rabonta da buɗe ƙofar nan tun Norman na da rai. Wurinsa ne. Duk ɗaya ga wata, ko da Kirsimeti ta wuce da gajiyarta, sai ya durƙusa a nan yana gunaguni, ya karanta mitar wuta da ta gas, ya rubuta a wani ɗan littafi da ke rataye a jikin ƙusa, fensir ɗaure da zare. Littafin na nan. Ta buɗe shafin ƙarshe. Lambobin farko a miƙe suke, na baya-bayan nan kuwa sun karkace, na ɗaya ga Afrilu har ya zarce layi. Ran nan sai da ta riƙe masa tocila da hannu ɗaya, ta tallabe shi da ɗayan, yana faɗa wai tana haska masa ido. Kewarsa ta taso mata, ta daɗe a durƙushe kafin ta iya ganin lambobin.

Ta kwafo a tafin hannu ta kawo. Des ya karanta.

"Mista Thackray, ko za ka maimaita?"

Ya maimaita.

"Abin bai yi daidai ba," in ji Shona, muryarta ta sauya. "A nan an rubuta kana cikin waɗanda muke kula da su na musamman. Kana amfani da na'urar numfashi dare da rana, kuma likita ya ce gida ya kasance da ɗumi kullum. Mai irin wannan na'ura ba zai sha wuta kaɗan haka ba. Ba zan iya rage kuɗin a kan wannan lamba ba sai na tabbatar. Ka yi haƙuri da tambayar, amma dole in yi. Kashe na'urar kake yi don tsoron kuɗi?"

Des ya juyo ya dubi Glenda.

"Don Allah kada ka ji kunya," ta ci gaba. "Kakana haka ya yi, ba mu sani ba sai da aka kwantar da shi a asibiti. Akwai tallafi, zan cike maka takardar yanzun nan. Ka gaya min kawai, kashe ta kake yi?"

Duk wayon Des ya ƙare. Mutumin da ya yi shekara talatin yana mayar wa fasinja magana, yau sai ga shi yana kallon ambulan kamar amsar na rubuce a jiki. Da yarinyar faɗa ta yi, da Glenda ta san yadda za ta yi da ita. Kirkin ne ba ta shirya masa ba. Ta jawo wayar gabanta.

"Ni na kashe ta."

"Wa ke magana?"

"Glenda. Matarsa. Ni na kashe ta, ran tara ga Afrilu da safe, bayan ma'aikaciyar jinya ta ce ya tafi. Tana ta ƙara, shi kuma ba ya buƙata. Na danna, gidan ya yi tsit. Mijina ya rasu, 'yata. Wannan maƙwabcina ne. Ni na sa shi, ba laifinsa ba ne."

"Ni dama na ce a faɗi gaskiya," in ji Des a hankali, yana share hanci.

"Wayyo, Misis Thackray," in ji Shona. "Sannu. Sannu da haƙuri. Maganar maƙwabci dai, a ce ban ji ba. Amma kada a sake."

Sauran duk aikin ofis ne. Za a rufe asusun Norman a buɗe sabo. Za ta aika kwafin takardar rasuwa. Kuɗin wata ya dawo fam casa'in da biyar, kuma na Litinin ba zai fita ba sai an gyara. Har ma akwai rara, don wata bakwai tana biyan wutar mutum biyu da na'ura.

"Amma gas ɗinki ya yi ƙasa da yawa," in ji Shona. "Ki kunna ɗumin nan, kin riga kin biya. Saura abu ɗaya. Wane suna za a sa a wasiƙa?"

Glenda ta dubi hannun kujerar Norman.

"Daga yanzu ba za ta ƙara zuwa da sunansa ba ke nan?"

"Za a aiko ta rufe asusu guda ɗaya. Daga ita sai naki."

"To. Glenda Thackray. In faɗa miki baƙaƙen?"

Da aka gama Des ya miƙe yana gyara hula.

"Na mutu na tashi a wuni ɗaya, ko biskit ba a ba ni ba," ya ce. Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Shingen nan fa ya yi tsawo."

"Ka taɓa shi ka gani."

Bayan fitarsa ta murɗa maɓallin ɗumi, bututun gidan suka fara ƙwas-ƙwas ɗin da ta kusa mantawa. Ba ta cire kwat ba tukuna. Ta ɗauki tocila ta koma ƙarƙashin matakala, ta durƙusa, ta jawo fensirin da zarensa. A ƙasan karkataccen layin Norman ta rubuta ranar yau, sannan ta kwafe lambobin daga tafin hannunta ɗaya bayan ɗaya, tocilar a hammata, don ba mai riƙe mata.