Ranar da Kyaftin Keogh Ya Ƙi Fita Fili

Duk wanda ya ce maka Ambrose Keogh jarumi ne, a jarida ya san shi. Ni a bayansa na tsuguna, ina jin numfashinsa, don aikina a wasan besbol shi ne cafe ƙwallon da mai bugu ya kasa taɓawa. Sunana Otto. A lokacin ina buga wa ƙungiyar garinmu da ke bakin kogin Ohio, wadda Mista Oberholt mai kamfanin giya ya mallaka.

Mai jifarmu Isaiah Pettiford ne, baƙar fata, dogo, ba shi da yawan magana. Ƙwallonsa kan taho kamar za ta dake ka a haƙarƙari, kana ja da baya sai ta karkace ta faɗa tafina. Da shi muke cin wasa, kowa a garin ya sani.

Keogh kuwa shi ne kyaftin kuma manajan wata babbar ƙungiya ta birni. Hotonsa har cikin kwalin taba ake sakawa. A bazarar 1886 ya kawo mutanensa garinmu wasan sada zumunci, ya shigo fili yana murza gashin baki kamar wanda ya zo duba gonarsa. Duk shigowar da ya yi don bugu, Isaiah ya sa shi dukan iska. A ta ƙarshe ma gorar bugun ƙwallon ta kuɓuce masa, ya juya ya faɗi zaune daɓas. Fili ya kaure da dariya. Ya tashi yana kakkaɓe wando, ya ce wai rana ce ta shiga masa ido. Ranar kuwa hadari ne tun safe.

Da shekara ta zagayo suka dawo. Aka rufe shaguna, masana'antar gilashi ta sallami ma'aikata da wuri, jama'a har kan rufin rumfa. Ni da Isaiah muna gefe muna ɗumama hannu, sai ga Keogh ya sauko daga keken doki. Ya tsaya ya ƙura wa Isaiah ido, ya ga ƙwallon nan tana nan yadda ya bar ta bara. Sai ya daka tsawa.

"Oberholt! Ka fitar min da baƙin mutumin nan daga fili. In ba haka ba, mu koma jirgi yanzu."

Oberholt ya taho da gudu, tumbi na rawa. "Haba Kyaftin, ai bara kun buga da shi."

"Bara daban. Ni mutum ne mai aƙida. Ba na haɗa fili da irinsu."

Na ce, "Kyaftin, aƙidar nan tun kafin ka faɗi zaune take, ko bayan nan ta same ka?"

Har mutanensa sai da suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ya yi jajir, ya ce in na sake buɗe baki zai zubar min da haƙora. Amma bai matso ba.

Oberholt ya dubi cincirindon mutanen da suka zo ganin Keogh, ya dubi gangunan giyar da ya jera a bakin ƙofa, ya share gumi. Ya je wajen Isaiah yana murza hula a hannu.

"Isaiah, ɗana, ka yi haƙuri, na yau kaɗai. Za mu ce hannunka ke ciwo."

Isaiah ya ce, "Hannuna lafiya lau, Yallaɓai. Ka faɗa musu abin da kake so, amma ba da bakina ba."

Ya miƙo min ƙwallon, ya ɗauki kwat ɗinsa, ya bi ta gaban jama'a ya fita a hankali, bai waiwaya ba. Aka sa wani mai jifa da ke fama da ciwon kafaɗa. Keogh ya maka ƙwallonsa har bayan shinge, ya zaga fili yana ɗaga wa mata hula. Washegari jarida ta ce ba a taɓa ganin namijin duniya irinsa ba.

"Na yau kaɗai" ɗin nan bai ƙare ba. Kafin kaka mai zuwa, masu ƙungiyoyin yankinmu suka yi shawara a ɗakin otal, ba a ƙara ɗaukar baƙar fata ba. Isaiah ya tafi gabas, ya shiga ƙungiyar ma'aikatan wani otal na bakin teku. Da rana ya yi jifa, da yamma ya kai wa baƙi miya.

Keogh ya daɗe yana manaja. Ya tsufa, ƙafa ta yi nauyi, amma kullum shi yake fara saka kansa a wasa, matasa na zaune a benci suna kallonsa yana haki. Da ƙungiyar ta gaji da shan kashi aka sallame shi. Na gan shi daga baya a wata kasuwar baje koli, tsaye a kan akwati cikin tsohuwar rigar wasa da ta ƙi rufe cikinsa, yana tallan man zafi mai hotonsa a kwalba. Ya ba mutane labarin yadda babu mai jifar da ya taɓa ba shi tsoro. Suka tafa, wasu suka saya.

Da ya mutu, birninsu ya ce zai yi masa mutum-mutumin tagulla. A shekarar na je gabas ganin 'yata, na biya wajen Isaiah. Na same shi a baranda, kai ya yi fari fat, yana gyaran tumatir. Na ba shi labari.

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. A ina za su kafa shi?"

"A dandalin tsakiyar birni."

"Akwai tattabaru a wurin?"

"Da yawa."

Ya ce, "To madalla, za su yi masa ado da kashinsu. Zauna, Otto, matata Delia ta dafa wake da masara."