Allurar Baba Tana Babbar Jaka

Da hannu ɗaya mai kemis take miƙa wa wani mutum maganin tari, ɗayan kuma yana kan waya, lokacin da tambayar ta faɗo cikin zauren matafiya.

"Assalamu alaikum. Ni sabuwa ce a nan. Yau zan raka babana asibiti a jirgi, ban taɓa hawa ba. Don Allah ina ake sa maganin ruwa?"

Mai kemis ta ja tsaki. Shekara huɗu ke nan da ta buɗe zauren nan a waya, mutane sun haura dubu, suna kiranta Uwar Zaure, sunan kuwa yana yi mata daɗi fiye da yadda take nunawa. Ba abin da ta tsana irin a maimaita tambaya. Ta ɓata lokacinta ta rubuta bayani mai lamba talatin, ta maƙala shi a saman zaure, amma kowane baƙo sai ya tsallake shi kamar ya ga kwata.

Tsofaffin 'yan zaure ma sun riga ta. Wani ya rubuta, "Lamba tara." Wata ta ce, "Sababbin nan sai a hankali, a dafa musu, a kuma ba su a baki." Hotunan dariya suka biyo baya.

Ita ma ta ɗora nata: "Baiwar Allah, a nan karatu ake fara yi kafin tambaya. Duba lamba tara." Sannan ta rufe wa baƙuwar damar rubutu na kwana ɗaya, kamar yadda dokar zaure ta ce.

Mijinta, wanda suke riƙe da shagon tare, yana kan kujera yana jera kwalaye a kanta. Ya leƙo ya ce, "Ranki ya daɗe, yau kuma wa aka yanke wa hukunci? Ni da muke gida ɗaya ma, sai na duba lamba kafin in tambayi ina takalmina."

"Ka ji da kwalayenka," in ji ta.

Wajen azahar wata tsohuwa ta zo karɓar allurar ciwon suga. Mai kemis ta buɗe firij, ta ɗauko, ta naɗe, tana yi mata jan kunnen da ta saba yi wa kowa: "Mama, kar ta sha rana, kar kuma ki ajiye ta wajen ƙanƙara. In ta daskare, ta tashi aiki." Tana rufe baki ta tuna da tambayar baƙuwar nan. Tsoho, asibiti, maganin ruwa.

Ta jawo waya ta buɗe lamba tara. Ga shi nan da rubutunta: duk abu mai ruwa a sa shi a babbar jaka wadda za ta shiga ƙasan jirgi, don kada a ƙwace a wajen bincike. Turare da man shafawa ne a ranta ranar da ta rubuta. Ita da take sayar da magani, ba ta taɓa tunanin ware magani ba. Ƙasan jirgi kuwa akwai sanyin da zai iya lalata allura, kuma ko bai lalata ba, ina tsoho zai same ta in lokacinta ya yi suna sama?

Ta ce wa kanta wataƙila maganin tari ne kawai. Zuciyarta ta ƙi yarda. Ta zauna, ta miƙe, ta goge kantar da ba ta da ƙura. Wata mata ta nemi maganin ciwon kai, ta miƙa mata na tsutsar ciki, sai da mijin ya karɓe ya ce, "Je ki yi abin da ke damunki kafin ki kashe mana mutane."

Baƙuwar ta fice daga zauren, amma lambarta tana nan. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta fito bakin titi, motoci na ta hon, ta toshe kunne ɗaya ta sake kira. Ta koma ciki, ta sake fitowa.

A kira na huɗu aka ɗauka. Lasifika na ta sanarwa a bayan wata siririyar murya.

"Ƙanwata, ni ce mai zauren matafiya. Wane irin magani ne na Baba?"

"Allurar suga ce, Anti. Ai na karanta, na sa a babbar jaka yadda kika rubuta. Yanzu muka miƙa ta. Ku yi haƙuri da na dame ku ɗazu."

Mai kemis ta dafa ƙofar shago. "Saurara. Abin da na rubuta kuskure ne. Allurar nan a hannunki ya kamata ta zauna. Koma inda kika miƙa jakar, ki ce a fito miki da ita."

Baƙuwar ta ce, "Anti, ko dai a bari? Layin da tsawo, kuma kowa a nan ya san abin da yake yi. Ba na son in sake tambayar abin da za a yi mini dariya."

Maganar ta soki mai kemis har cikin rai, domin ta san wanda ya koya mata wannan tsoron da safen nan.

"Tashi ki je. In nauyi kike ji, miƙa musu wayar, ni zan yi magana."

Ta ji takun sauri, ta ji tsoho yana tambayar ina za ta, ta ji ana cewa a bi layi. Sai muryar wani ma'aikacin filin jirgi ta shigo wayar, a gajiye, mai kama da ta wanda ya wuni yana amsa abu ɗaya.

"Madam, jakar ba ta wuce ba tukuna, amma fito da ita aiki ne. Ga allo nan an rubuta komai a kan magani, ku ba kwa karatu ne?"

Mijinta ya tsaya da kwali a hannu yana kallonta. Uwar Zaure ta sassauta murya.

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai. Yarinyar ta yi karatu. Nawa rubutun ta karanta."