Rediyo a Cikin Na'ura

Rediyo suke kiranta a gida, don tun da bakinta ya buɗe bai sake rufuwa ba. Shekararta takwas. An haife ta da huda a zuciya, hanyar da jini ke bi zuwa huhu kuma a tsuke, aka yi mata aiki tana 'yar wata goma. Tabon yana nan a tsakiyar ƙirjinta, ita kuwa cewa take yi zif ne.

Da suka je ganin likitar zuciya, likitar ta ce ƙofar da ke hana jini komowa daga hanyar huhu tana yoyo. Tana son ta san yawan jinin da ke komowa, kuma na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki ce ke auna shi daidai. Sai dai dole yarinya ta kwanta a cikinta kusan minti arba'in ba motsi, ta riƙe numfashi duk sa'ad da aka ce ta riƙe.

"In ba za ta iya ba, sai mu sa ta barci," in ji likitar. "Amma da irin zuciyarta, na fi son mu kauce wa hakan."

Baban ya dubi 'yarsa, wadda a lokacin take ba ma'aikaciyar jinya labarin kyanwar maƙwabta. Ya ce, "Likita, minti arba'in? Wannan ko a barci magana take yi."

Shi kafinta ne. Washegari ya tattara ragowar falanki a bayan shagonsa, ya haɗa wani dogon akwati buɗe ta baki biyu, ya shimfiɗa bargo a ciki. Kullum in ta taso daga makaranta sai ta shige, shi kuma ya ɗauki guduma yana bugun benci, don an gaya masa na'urar tana da ƙara.

"Ja numfashi. Riƙe!"

"Baba, in na riƙe, wa zai gaya maka na riƙe?"

"Ga shi nan kin saki. Mu sake."

Ranar farko minti uku ta yi. A mako na biyu ta kai ashirin. Ya kan zura hannu ya riƙe mata babban yatsan ƙafa, suka yi yarjejeniya: in ya matsa sau ɗaya, ta yi daidai ke nan.

Maman ba ta shiga wannan wasa ba. Ta kan kawo musu abinci, ta tsaya daga bakin shago, ta juya. Tun ranar da aka karɓi jaririyar daga hannunta aka shige da ita ɗakin tiyata, ba ta sake ƙetare ƙofar wani ɗakin gwaji ba. Tana rakiya, amma a benci take tsayawa da jaka a cinya. Mijin bai taɓa yi mata magana a kai ba.

Ranar hoton, da hantsi, mai kula da na'urar ta fito da takardar tambayoyi. Wata doguwar mata ce mai furfura a goshi. Ta gama da yarinyar, ta juyo ga uban da zai shiga tare da ita.

"Ƙarfe ya taɓa shiga jikinka?"

"A'a. Sai dai ɓarɓashi da ya taɓa faɗa mini a ido ina wasa zarto. An daɗe."

"An ciro shi duka?"

"Haka nake zato."

Matar ta rufe biro. "Zato ba ya shiga ɗakin nan, malam. Maganaɗisun da ke ciki zai iya motsa shi ya lalata maka ido. Ka yi haƙuri."

Rediyo ta kama wandonsa. Uban ya durƙusa yana neman abin faɗi, sai ya ji ƙarar zif ɗin jaka a bayansa. Matarsa ce ta miƙe. Ta cire 'yan kunne da zobe da awarwaro, ta zuba masa a tafin hannu. Yatsunta sun yi sanyi ƙalau.

"Wane yatsan kake riƙewa?" ta tambaye shi.

"Babban, na dama. Za ki iya kuwa?"

"Riƙe mini jakar."

Ɗakin yana da sanyi. Aka kwantar da yarinyar, aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka toshe musu kunnuwa su biyu, gadon ya zame da ita ciki har sai ƙafafunta kaɗai ake gani. Na'urar ta fara bugu. Uwar ta kafa ido a kan farcen 'yarta da ya yi tsawo, tana tunanin yau dole ta yanke shi. Duk sa'ad da murya ta ce a riƙe numfashi, ita ma sai ta riƙe. In an ce a saki, sai ta matsa yatsan.

A waje, uban ya auna barandar da ƙafa har ya san tayil nawa ne.

Bayan azahar likitar ta kira su, ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Ga zuciyar tana bugawa, ga jini kamar zare ja yana hawa zuwa huhu, wani shuɗi kaɗan yana komowa.

"Wannan shuɗin shi ne yoyon," in ji ta. "Kashi ɗaya cikin huɗu. Zuciyar tana ɗaukarsa, ba ta kumbura ba. Wata rana za mu canza ƙofar, ba zan ɓoye muku ba, amma ba bana ba, da wuya ma baɗi. Hoton ya fito tsaf, ko sau ɗaya yarinyar ba ta motsa ba."

"Hancina ya yi ƙaiƙayi sau huɗu," in ji Rediyo. "Kuma Mama tana matsawa da ƙarfi. Baba, gudumarka ta fi wannan ƙara. Likita, me ya sa jinina yake shuɗi?"

Uwar ta yi dariya, dariyar ta zarce da hawaye, ta share da gefen mayafi.

Da suka fito, lif ya cika da mutane, suka nufi matakala. Uban ya sunkuya zai ɗauki yarinyar. Matarsa ta dafa masa hannu.

"Bar ta ta sauka da ƙafarta, maigida."

Suka bi ta a baya a hankali, tana tsallake matakala bibbiyu tana ƙirgawa.