Kumbon Obadiah da Saifuddeen

Obadiah malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kafanchan. A ƙarshen 1991 ya ga sanarwa a wata mujalla: wata jami'a a Turai tana neman zanen ƙaramin kumbo marar matuƙi, mai araha, wanda zai je duniyar Mas ya aiko da hotuna. Ya kai mujallar shagon abokinsa Saifuddeen, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa.

"Ticha, mu da ko lantarki ba mu samu kullum?" in ji Saifuddeen.

"Ai shi ya sa. Wa ya fi mu sanin yadda ake aiki da kaɗan?"

Suka raba aikin. Obadiah ya ɗauki lissafin hanya da mai, Saifuddeen ya ɗauki rediyon da zai aiko da saƙo gida. Kumbon nasu bai fi durom ɗin ruwa girma ba. Wata biyar suna haɗuwa bayan an tashi makaranta, suna gardama a kan nauyin batir.

A watan Mayu 1992 Saifuddeen ya tafi Zangon Kataf duba ƙanwarsa da ta haihu, littafin zanensa a jaka. Kwana biyu da zuwansa rikicin ƙabilanci da addini ya ɓarke a garin. Bai dawo ba. Ba a ga gawarsa ba.

Bayan sati uku Obadiah ya yi ƙarfin hali ya je gidansa. Kubra, matar Saifuddeen, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maman Zamzam, Allah ya ba da haƙuri."

"Amin. Malam, ka koma. 'Yan'uwansa suna ciki, ba na so su gan ka."

Ya koma. Ya yi ƙoƙarin zana rediyon da kansa, ya kasa. Ya aika da rabin aikin haka nan, da sunayensu biyu a kai.

Amsa ta zo a watan Nuwamba. Sun yaba da lissafin hanyar, amma sun ce ba za su karɓi kumbon da ba shi da hanyar aiko da saƙo ba. Suka tambaya ko Mista Saifuddeen zai iya turo nasa ɓangaren kafin Janairu.

Obadiah ya nufi gidan Kubra da wasiƙar, don ta ga sunan mijinta. Ya tarar da baƙi a gidan. Suka ce ta kwashe yara ta koma Zariya, ba wanda ya san unguwar. Ya daɗe a tsaye a bakin titi, sannan ya tari ɗan acaɓa ya koma makaranta.