Matar da Ta Tsallako daga Bacolod

Tun zuwanta na farko hankalina bai kwanta da ita ba. Ta ce sunanta Tessie, tana sayar da yadi a Bacolod, barci ne ya ƙaurace mata. Amma da ta shigo ɗakin da nake ganin masu damuwa, ba ta yi tsayuwar baƙo mai neman wurin zama ba. Kai tsaye ta nufi kujerata, har ta fara zama, sai ta zabura ta koma ɗayar.

Na ce, "Ba ku da masu irin aikina a Bacolod ne, sai kin hau jirgin ruwa kin zo Iloilo?"

Ta ce, "Akwai su, Dakta. Bakin mutane ne ya yi yawa."

A lokacin ina tsakiyar wata shari'a ta rushe aure. Ni na duba matar da ke cikin shari'ar, na shaida wa kotu abin da na gani, mijin kuwa ɗan manyan masu gonakin rake ne a can tsallaken, wajen Bacolod. Lauyansa ya sha neman inda zai kama ni. Ga shi ni kaɗai ce a ofis, daga safe har yamma ina sauraren kukan mutane, abincin rana ma a tsaye nake ci.

A zama na biyu sai tambayoyin suka juyo kaina. Mutum nawa nake gani a yini? Ina mantawa da abin da aka faɗa mini? Idan abu ya tsaya mini a rai, wa nake gaya wa? Na yi mata shirun da muke yi don mutum ya ci gaba da magana, ita ma ta yi mini irinsa, har ni ce na gaji na buɗe baki. Jakarta tana kan cinyarta a buɗe, ina hango gefen waya.

Ranar Lahadi bayan coci muna shan batchoy, miyar taliya da nama, a kasuwa, na yi wa mijina Ramil zancen ba tare da na kama suna ba.

Ya ce, "Mila, ke fa yanzu kowa ɗan leƙen asiri ne a wurinki. Shekaranjiya mai kawo ruwa ma cewa kika yi kallonsa bai yi miki ba."

"Wannan daban ce. Naɗar maganata take yi."

"To me kike faɗa da za a naɗa? Ni da na aure ki ban taɓa jin kin ce komai ba sai 'to, ya ka ji a ranka?'"

Ban yi dariya ba. Ya tura mini kwanon gabana, ya ce in ci kafin ya huce.

Da ta dawo, ban bari ta gama gaisuwa ba. Na ce ta fito da wayar ta kashe a gabana. Ta kashe. Na ce, "Wa ya aiko ki? Idan lauyan nan ne, ki gaya masa abin da zan faɗa na riga na faɗa a kotu."

Ta ce, "Wane lauya?"

Na ce, "Mai sayar da yadi ba ta san irin shirun da kika yi mini ba."

Sai ta zaro katin izinin aiki ta ajiye a kan tebur. Sunan da ke jiki Leonor Gellangarin, aikinmu ɗaya, har ta riga ni farawa. Ta ce wata yarinya da ta daɗe tana dubawa ta kashe kanta bara. Tun daga nan, idan mutum ya zauna yana magana, bakinsa kawai take gani yana motsi. Abokan aikinta na Bacolod kuwa, wasu ita ta koyar da su, wasu su ke turo mata mutane.

Ta ce, "So nake in ji ko ni kaɗai ce. Shi ya sa nake ta tambayarki."

Na ba ta haƙuri, amma zuciyata ba ta saki ba, don lauyoyi ma suna ɗaukar irinmu aiki. In na bincika a Bacolod kuma, na tona asirin wadda ta kawo mini kanta. Haka na ci gaba da ganinta ina auna kowace kalma, in koma gida da ciwon kai.

Shari'ar ta ƙare, ba a kawo ko kalma ɗaya tawa daga ɗakin nan ba. Na zuba ido in ga ko za ta daina zuwa. Ba ta daina ba. Wata rana tana shirin fita ta juyo ta ce akwai wata dattijuwa a Cebu da take sauraren masu aikinmu ta waya.

Na ce, "Za ki koma wurinta ne?"

Ta ce, "Ni ina da ke. Ke nake nema wa, Mila."

Na karɓi lambar dattijuwar. Sai da na yi ta juya abin a raina kafin na kira.